Lambun Bayan Ɗaki Da Maganar Iri A Ƙasar Gobir

Duk wanda ya san Tozai da sauran ƙauyukan Isa da Sabon Birni ya san a fadama talaka ke samun ganyen miya da rani. To, tun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, har suka hallaka mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni cikin watan Mayu na 2020, zuwa gona mai nisa ya zama kasada. Saboda haka ƴar kadadar da ke bayan ɗaki ta zama abin dubawa.

Akwai wani ganye da ba mu saba da shi ba, ana kiransa mastad. Dangin kabeji ne da lansir, yana da ɗan yaji a baki kamar lansir ɗin. Mutanen Indiya da Sin sun daɗe suna cinsa, Habashawa kuma suna da irin nasu. Sanyi yake so, watau a shuka shi farkon hunturu cikin ƙasa mai taki. Yakan tsiro cikin mako guda, a soma tsinka bayan kwana 40 ko kusa da haka.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne iri. Kabeji ba ya yin 'ya'ya a zafin ƙasarmu, dole kowace shekara a sayi iri na waje. Mun kuwa ga yadda saye ke yankewa. A 2021 Gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi maƙwabciyar Isa, a 2023 kuma aka rufe iyakar Nijar, hanyar Maraɗi ta toshe. Shi kuwa mastad, da zafi ya taso sai ya yi fure ya ba da iri. Mai lambu ya bar tushe biyar su ƙosa, ya shanya, ya adana. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba muna cewa a yar da alayyafo da rama da zogale ba ne. Ƙari ne kawai, kuma baƙon abu sai an gwada. Muna roƙon malaman makaranta su fara da kwami ɗaya a lambun makaranta, su lura da tsutsa, akawuna kuma su rubuta abin da aka samu. In ya karɓi ƙasa, yara su kai iri gida wa iyayensu mata. Allah Ya maido mana da zaman lafiya, amin.