Wanda ya zaɓar maka manhaja, wa ke biyan sa?

Jama'a, bara na yi wata shida ina koyon aiki a ofishin wata haɗakar ƙungiyoyin manoma a jihar Maraɗi, kuma abin da na gani can har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba zan faɗi sunan haɗakar ba, ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ci kasuwar ba. Wanda ya tsargu, da shi ake.

Manoman wake ne da aya da gero. Da kaka su zuba hatsi a sito, a ba su bashi a kansa, in farashi ya tashi a sayar a biya. Shekara da shekaru wani dattijo, kowa Baba yake ce masa, shi ke riƙe lissafin sito cikin manyan kaye, akanta kuma yana fama da Excel. Sai wani furoje ya zo da kuɗi, aka ce za a zamanantar da su: a sayo manhaja guda wadda za ta haɗa lissafin kuɗi da sito da albashi da bashi da saye da sayarwa wuri ɗaya, irin wadda ƴan boko ke kira ERP. Ni ma na yi murna, don kaye yana jiƙewa, gara tana cin sa, kuma lissafin da mutum ɗaya kaɗai ya iya karantawa hatsari ne.

Da yake babu wanda ya san kan abin, sai aka ɗauko kwansiltan daga Yamai ya ba da shawara. Kwana uku ya yi. Ya zauna da darakta, ya zauna da wakilin furoje, ya ci abinci, ya hau mota. Wallahi ƙafarsa ba ta taka ƙofar sito ba. Bayan mako biyu ga rahoto cikin Faransanci mai santsi, an jera manhajoji uku, an ba kowace maki, ɗaya ta yi fintinkau. Aka saya. Sai daga baya muka gano cewa kamfaninsa shi ne dillalin wannan manhajar. Shi ya ba da shawara, shi ya sayar, shi ya girka, shi ya horar da ma'aikata, kuma shi za a riƙa biya kuɗin kulawa duk shekara. An ba kura ajiyar nama, an haɗa mata da kuɗin gadi.

Ku lura da yadda wannan kasuwa take, don ba a Maraɗi aka ƙirƙiro ta ba. Masu ƙera irin waɗannan manhajoji galibi ba su bin ƙananan abokan ciniki da kansu, dillalai suke da su, kuma dillali yana da kamasho a kan kowane lasisi. Amma ba nan tsokar take ba. Tsokar tana cikin kwanakin aiki: girkawa, gyara manhaja ta dace da ku, horaswa, sake gyarawa. Duk yadda manhaja ta ƙi dacewa da aikinku, haka kwanakinsa za su yawaita. To, mutumin da cinsa ke cikin wahalarku, ta yaya za ku sa ran ya ce muku ƙaramin abu mai araha ya ishe ku?

Tamu manhajar kilo ta sani, ba ta san tiya ba, alhali manomi da tiya yake aunawa. Ba ta san bashin da ake biya da hatsi ba. Ba ta motsi sai da intanet, a ƙauyen da sai ka hau tudu kake samun rezo. Baba ya koma ga kayensa, ni kuma ranar Juma'a in kwashe in shigar. Aiki ya zama biyu. Rannan allo ya nuna buhuna sun yi ɓatan dabo, kuma nan take aka fara kallon Baba da gefen ido, mutumin da bai taɓa cin ƙwayar wani ba. Kwana biyu muka yi muna bin lissafi layi-layi kafin mu gano wajen mayar da tiya kilo ne aka yi kuskure. Babu wanda ya ba shi haƙuri. Ina jin sa yana cewa darakta: «Ranka ya daɗe, in na'ura ta ce ni ɓarawo ne, wa zai saurare ni?»

Tambayar nan ba ta ƙauyanci ba ce. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta girka manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a 1999. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi, kuma daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu riƙe da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun yi kaso, wasu sun tsiyace, wasu sun kashe kansu. Sai a 2019 kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai, sai a 2024 aka yi dokar wanke su. Can ke nan, inda akwai lauyoyi da jaridu masu haƙora.

Masu kuɗin ma ba su tsira ba. Lidl, babban kamfanin kantuna na Jamus, ya kwashe shekara bakwai yana fama da girka manhajar SAP, a 2018 ya watsar da aikin bayan kashe kimanin yuro miliyan 500, wato sama da miliyar 300 na sefa. Abin da aka ruwaito ya kawo cikas zai ba ku dariya: su suna ƙiyasta kayan sito da farashin saye, manhajar kuma da farashin sayarwa. Rigimar tiya da kilo ce, ta sa kwat kawai. A Janairun 2024 kuma, SAP ɗin ya amince ya biya hukumomin Amurka sama da dala miliyan 220 kan cin hancin da aka ba jami'ai a Afirka ta Kudu da Indunusiya, kuma ta hannun ƴan tsakiya aka bi da wasu kuɗin. McKinsey, sarkin kamfanonin ba da shawara, ya mayar wa kamfanin wutar Eskom kusan rand miliyar ɗaya a 2018. Saboda haka kar kowa ya zo ya rufe mini baki da babban suna.

Na san abin da za a ce: wannan yaro hassada yake yi, bai samu aiki ba shi ya sa. Eh, ban samu ba tukuna. Amma ni ban ce a kori masu ba da shawara ba. Akwai abubuwan da dole sai masani. Tun 1 ga Janairun 2018 sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA yake aiki a ƙasashen OHADA, har da Nijar, kuma hukumar haraji tana neman faktir mai shaidar SECeF. Manhajar da ba ta iya waɗannan ba, ko kyauta aka ba ɗan kasuwa, kaya ce. Mai tara a Kasuwar Dole ko mai fitar da albasar Galmi yana bukatar wanda zai duba masa wannan. Abin da na ƙi shi ne alƙali ya zama yana da kaya a cikin shari'ar.

Kuma mun yi saurin mantuwa. A Agustan 2023, da takunkumin CEDEAO ya sauka, Najeriya ta yanke mana wuta, tura kuɗi waje ya zama bala'i, har zuwa Fabrairun 2024. Duk wanda lissafinsa ke zaune a kwamfutar wani a Turai, kuma sai ya biya kuɗin wata ake buɗe masa ƙofa, ya san zullumin da ya shiga. Bayan wannan darasi, ana ta maganar ƴancin kai a kowane taro, amma har yanzu ana sa hannu a kwantiragin da bai ce komai ba game da inda bayananmu suke kwana, da yadda za mu kwashe su in mun raba gari. Wane irin ƴanci ne wannan, sunayen manoma da bashinsu suna hannun wanda sai ka biya shi ka gan su?

Akwai manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, irin su Dolibarr da ERPNext da sashen Odoo na kyauta, waɗanda za a iya girkawa a kwamfutar ofis. Akwai matasa daga jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai da suka iya su, suna zaune suna shan shayi a fada. Amma kar mu yaudari kanmu, na kyauta ma yana cin kuɗin kulawa, kuma ɗan gida ma ya iya ha'inci. Na ga wanda ya girka wa wani kanti manhaja ya riƙe kalmar sirri, ya tafi Aljeriya.

Don haka ba fatar mai shawara nake kallo ba, takardarsa nake son gani. Kafin a ba shi sisi, ya rubuta ya sa hannu cewa ba ya cin kamasho wajen kowane mai sayarwa, kuma shi da kamfaninsa ba za su nemi kasuwar girkawa ba. A gwada manhajar cikin sito, ranar kasuwa, rezo a ɗauke, mai sito ya riƙe ta da hannunsa. A biya kashi-kashi, kashin ƙarshe sai an rufe lissafin shekara guda lafiya. Masu furoje kuma su faɗa wa mutane gaskiya tun farko: in sun naɗe tabarmarsu bayan shekara uku, wa zai ci gaba da biyan lasisi?

A haɗakar da na baro, amsar ta riga ta fito. Furoje ya ƙare, takardar neman kuɗin sabuwar shekara ta iso, kuma daga kuɗin ajiyar manoma za a cire. Babban taronsu yana tafe bayan kaka. Na riga na fassara kwantiragin zuwa Hausa, shafi-shafi, kuma na roƙi Baba ya zo da kayensa.