An Sauke wa Gona Haraji, Wa Ya Ɗauki Kayan?

'Yan'uwa manoma, yau za mu ba ku labarin Jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, gama akwai abin koyo a cikinsa.

A can, a dā da harajin gidaje da gonaki ake riƙe makarantun gwamnati. Kowane yanki yana yanka wa kansa. Inda akwai masana'antu da manyan gidaje, makaranta ta wadata. Inda sai gonaki, a ƙara wa mutane haraji amma kuɗin bai isa ba. Manomi kuwa shi ya fi shan wuya, domin ana duban kimar ƙasarsa ne, ba abin da ya girbe ba. Ko damina ta yi kyau ko ta ƙi, takardar haraji tana zuwa.

A 1993 mutanen Kalkaska suka ƙi yarda da ƙarin haraji har sau uku, sai aka rufe makarantunsu a watan Maris, wajen mako 10 kafin ƙarshen shekarar karatu. Cikin shekaran nan majalisar jihar ta soke harajin da yankuna ke karɓa don tafiyar da makarantu. Ran 15 ga Maris 1994, zamanin Gwamna John Engler, jama'a suka jefa ƙuri'a suka karɓi sabon tsari.

Ga yadda ya kasance. Dā ana biyan makarantu wajen dala 34 kan kowace dala 1,000 ta kimar da aka yi wa dukiya. Sabon tsari ya mai da shi dala 6 ga gidan da mutum ke zaune ciki da gonar da ake nomawa. Watau gonar da aka kimanta dala 100,000 ta sauko daga wajen dala 3,400 zuwa 600. Kantuna da gidajen haya kuwa an ɗora musu ƙarin dala 18. Har wa yau aka hana kimar haraji ta hau fiye da kashi 5 cikin 100 a shekara.

To, ina aka samo cikon? Harajin sayen kaya ya tashi daga kashi 4 zuwa 6 cikin 100, na ƙunshin taba kuma daga santi 25 zuwa 75. Ashe kaya bai ragu ba, an sake masa kai ne.

A ganinmu gyaran nan ya yi wa manomi adalci, ya kuma rage ratar da ke tsakanin makarantun masu hali da na talakawa. Amma akwai tsadarsa. Ɗan ƙodago da ba shi da gida ko gona bai amfana da ragin harajin gidaje da gonaki kai tsaye ba, ga shi yana biyan ƙari a kanti. Sa'an nan kuɗin makaranta ya koma hannun gwamnatin jiha, tana rabawa bisa yawan yara. Ƙauyen da mutanensa ke ƙaura, kuɗinsa sai raguwa, ba shi kuma da ikon ƙara wa kansa yadda yake so.

Saboda haka, duk ran da aka yi mana alkawarin soke wani haraji, kada mu yi saurin tafi. Mu zauna cikin ƙungiyarmu mu yi tambaya uku: Daga ina za a biya malamai? Wa zai ɗauki nauyin? A hannun wa ikon zai koma? Wanda ya kasa amsa mana waɗannan, bai gama lissafinsa ba.