Yawon hawan duwatsu a damina: wa ke da ikon cewa yau ba za a shiga ba?

A 'yan shekarun nan matasa a Abuja da Jos sun rungumi yawon hawan duwatsu a ƙarshen mako. Wasu kan zarce har magangarar ruwa ta Gurara a jihar Neja, ko Farin Ruwa a Nasarawa, ko Matsirga kusa da Kafanchan. Maganar tsaro ce aka fi tattaunawa kafin a kama hanya, kuma da dalili. Amma ba kasafai ake tambayar halin da ruwan yake ciki ba.

Matsalar ita ce, lokacin da wuraren suka fi kyau a hoto, wato Agusta da Satumba, shi ne lokacin da suka fi haɗari. Ba sai an yi ruwa a inda kake tsaye ba. Hadari na iya zuba a can saman tudu, ruwan ya taru ya biyo kwazazzabo, ya iske mutane rana na haskawa a kansu.

Haka ta faru a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka a watan Agustan 1997, inda ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 alhali kusan ba a yi ruwa a wurin ba. A 2018 ruwa ya rufe wa yara 12 da kocinsu hanya a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, sai bayan fiye da mako biyu aka fito da su. A nan kusa kuwa, a magangarar Kintampo ta Ghana, guguwa ta kayar da ƙatuwar bishiya a kan masu wanka a Maris 2017, aƙalla mutum 18 suka rasu, akasarinsu ɗalibai.

Bayan abin da ya faru a Antelope, an kafa tsani na ƙarfe da jiniyar gargaɗi, kuma ana rufe wurin idan hasashen yanayi ya nuna haɗari. Wannan na ƙarshen ne ya fi muhimmanci, domin yana nufin akwai wanda zai yarda ya yi asarar kuɗin tikitin ranar.

A nan ne na fi shakka game da namu. Mai shirya tafiya da ya riga ya karɓi kuɗin mutane ya ɗauki hayar mota, da wuya ya soke saboda hasashen NiMet. Ya kamata wannan hukunci ya koma hannun hukumomin yawon buɗe ido na jihohi, tare da mutanen ƙauyukan da suka san yadda kogin ke sauya launi kafin ya cika.