Wa Ya Ce Ƙaramin Harshe Ba Ya Kai Fim Ko'ina?

Kwanakin baya muna zaune a wani ɗakin tace fim a Kano, sai wani furodusa da nake ganin girmansa ya sake ɗauko maganar nan da na gaji da ji. Wai abin da ya hana fim ɗinmu fita duniya shi ne harshe. Wai duk mai son cin kasuwar waje sai ya yi da Turanci, domin a cewarsa fim ba shi da yare, hoto ne ke magana. Na yi shiru a wurin saboda ya girme ni, amma kai mai karatu ba zan yi maka shiru ba. Kuma yau ba da Indiya ko Amurka zan kafa hujja ba, Sifaniya za mu leƙa.

Na san ka san Barcelona ko da ba ka taɓa kallon fim ɗin ƙasar ba. Ka san Athletic Bilbao, ƙungiyar da ba ta sa ɗan wasa sai wanda aka haifa ko ya taso a ƙasar Bask. Wataƙila ka san Celta Vigo. To waɗannan ƙungiyoyi daga yankuna uku suka fito, kowanne da harshensa daban da Sifaniyancin Madrid. Kataloniya na arewa maso gabas, masu jin Katalanci sun kai wajen miliyan 10 in an haɗa da Valencia da tsibiran da ke kusa. Galisiya na arewa maso yamma, a saman Portugal, harshensu ɗan'uwan na Portugal ne, masu yinsa miliyan biyu da wani abu. Ƙasar Bask kuwa tana kan iyakar Faransa, harshensu Euskara ba shi da dangi a duk Turai, kuma masu magana da shi ba su kai miliyan ɗaya ba. Wato ko rabin mutanen birnin Kano ba su kai ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga 1939 zuwa 1975 Janar Franco ne ya mulki ƙasar, kuma ya kori waɗannan harsuna uku daga makaranta da ofis. Bai manta da sinima ba. A 1941 gwamnatinsa ta ba da umarnin cewa duk fim ɗin waje sai an cire muryoyinsa an ɗora na Sifaniyanci kafin a nuna. Da haka masu tace fim na gwamnati suka samu damar sa wa ɗan wasa maganar da bai faɗa ba. A fim ɗin Mogambo na 1953, Grace Kelly matar aure ce da ta faɗa son Clark Gable. Don kada jama'a su ga cin amanar aure, sai aka mayar da ita da mijinta wa da ƙanwa a fassara. Sakamakon haka 'yan kallo suka riƙa ganin wa da ƙanwa suna kwana tanti ɗaya, yana ta kishi a kanta. An gudu ba a tsira ba kenan. Yanzu ka gaya mini, in da gaske hoto ne kaɗai ke magana, me ya sa Franco ya damu da murya har haka? Shi ya fi furodusan namu sanin inda ƙarfin fim yake.

A 1968 wasu 'yan Bask biyu, Néstor Basterretxea da Fernando Larruquert, suka yi wani fim mai suna Ama Lur, ma'ana Uwa Ƙasa, da kuɗin karo-karo na jama'a. Ƙasar suka nuna da masunta da makiyaya da wasanninsu na gargajiya. Duk da haka sai da hukumar tace fim ta tilasta a ambaci kalmar "Sifaniya" sau uku a ciki. Kalma ɗaya fa, har ƙirga ta ake yi.

Bayan mutuwar Franco, tsarin mulkin 1978 ya amince kowane yanki ya yi aiki da harshensa tare da Sifaniyanci. Ga inda nake so ka buɗe ido. Mutanen nan ba su fara da neman kambun duniya ba, da talbijin suka fara. Tashar ETB ta 'yan Bask ta soma aiki a daren ƙarshe na 1982, TV3 ta Kataloniya a Satumban 1983, TVG ta Galisiya a Yulin 1985. Kuma me TV3 ta nuna a ranar farko? Dallas, wasan attajiran man fetur na Amurka, amma da muryar Katalanci. Mutanen da aka shekara arba'in ana nuna masu cewa harshensu na kicin ne da gona, sai ga hamshaƙin Texas yana ƙulla makirci da shi. A farkon shekarun 1990 tashoshin suka fassara zanen yaran nan na Japan, Dragon Ball, kowacce da harshenta, yara suka riƙa rige-rigen dawowa daga makaranta. A Barcelona har 'ya'yan baƙin da ba a yin Katalanci a gidajensu sun tsince shi a bakin Goku. ETB ta yi wasan Goenkale daga 1994 zuwa 2015, kashi sama da 3,000. TVG ta yi Mareas vivas daga 1998, labarin wani ƙauyen masunta, inda Luis Tosar da Luis Zahera suka yi suna kafin duk Sifaniya ta san su. A nan aka horar da 'yan wasa da marubuta da masu ɗaukar hoto. A Galisiya ma sai a 1989 aka samu manyan fina-finai na farko, cikinsu har da Sempre Xonxa, wanda wani mai kantin magani, Chano Piñeiro, ya kwashe shekaru yana haɗawa, kan mutanen ƙauye da ke tafiya ci-rani ƙasashen Amurka.

Wannan shukar ce ta ba da amfani daga baya. A 2011 fim ɗin Pa negre, wato Baƙin Burodi, na Agustí Villaronga ya kwashe kyaututtuka tara na Goya, babbar gasar fim ta Sifaniya, har da na gwarzon fim. Shi ne fim na Katalanci na farko da ya yi haka, kuma ku masu karanta littafi ku sani daga littafin Emili Teixidor aka ɗauko shi. A 2015 Sifaniya ta tura Loreak, wato Furanni, zuwa gasar Oscar, karon farko da fim na Euskara ya wakilci ƙasar. Labarin wata mata ce da ake aiko wa furanni duk mako ba ta san daga wa ba. A 2018 Handia ya ci Goya goma. A 2019 O que arde na Oliver Laxe ya samu kyauta a Cannes ta Faransa. Labarin wani mutum ne da ya fito daga kurkuku kan laifin ƙona daji ya koma wurin tsohuwarsa da shanunta uku, kuma tsohuwar, Benedicta Sánchez, wadda ba ta taɓa fim ba, ta karɓi Goya na sabuwar jaruma tana da shekara 84. A 2023 O corno na Jaione Camborda, da Galisiyanci, ya zo na ɗaya a bikin San Sebastián.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alcarràs na Carla Simón, da ya lashe babbar kyautar bikin Berlin a 2022. Wani iyali ne da suka gaji noman lambun 'ya'yan itace a gonar da aka ba kakansu da baki, babu takarda, sai magajin mai gonar ya ce zai sare itatuwan ya kafa faifan sola. Wane Bahaushe ne bai san rikicin gonar aro ba? 'Yan wasan mutanen yankin ne, ba ƙwararru ba, kuma da karin harshen ƙauyensu suka yi magana, ba ma Katalancin Barcelona ba. Alƙalan Berlin rubutun fassara suka karanta a ƙasan allo, kamar yadda iyayenmu suka shekara da shekaru suna kuka a fim ɗin Indiya ba su jin ko kalma goma.

Na san abin da furodusan zai ce: kyauta daban, kuɗi daban. Gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Fim ɗin gida da ya fi kowanne tara kuɗi a sinimomin Sifaniya shi ne Ocho apellidos vascos na 2014, da mutum sama da miliyan 9 suka kalla, kuma da Sifaniyanci aka yi shi. Wani saurayi ne daga Sevilla ya bi budurwa 'yar Bask garinsu yana ƙaryar shi ma ɗan ƙasa ne. Akwai dariya, kuma marubutan 'yan Bask ne. Amma duba abin da aka sayar: ɗan Bask mai taurin kai, mai ci kamar gara, mai askin ban dariya, harshensa kuma ɗan yaji ne da ake barbaɗawa don a ƙyalƙyata. Haka As bestas na 2022 ya ci Goya tara, fim ne mai kyau ƙwarai, amma wasu 'yan Galisiya sun koka cewa an sake nuna ɗan ƙauyensu a matsayin mugu mai duhun kai. In wani ne ke riƙe da kyamara, kai kayan kallo ne.

Sannan kada kowa ya ce mini kasuwa ce ta zaɓa. Kasuwar da aka gina da dokar soja tun 1941? A wajen 2010, fina-finan da ake nunawa da Katalanci a sinimomin Kataloniya ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. Tun a 1998 gwamnatin yankin ta gwada tilasta fassara, manyan kamfanonin Hollywood suka yi tsaye sai da ta janye. A 2010 majalisar yankin ta sake kawo dokar cewa rabin kwafin fim ɗin waje ya zama da Katalanci. Tun kafin a zartar, a ranar 1 ga Fabrairu, masu gidajen sinima suka rufe yawancin ɗakunan kallo don nuna fushi. Hukumar Tarayyar Turai ta soki dokar a 2012, kotun tsarin mulki ta rage kason zuwa kashi 25 a 2017. Da kallo ya koma intanet, dokar 2022 ta ware wa harsunan kashi 6 kacal na fina-finan da ke rumbun kamfani, kuma kamfanonin da rajistarsu ke wata ƙasar Turai, irin su Netflix, wannan ƙa'idar ba ta hau kansu ba. Duk wanda ka ji yana cewa harshe ba komai ba ne a fim, duba da kyau, harshensa ne a kan allo.

Su ma masu tafa wa kyaututtuka ina da magana da su. Binciken hukumar ƙididdiga ta Galisiya na 2023 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ba su iya Galisiyanci ba, ko kuma kaɗan suka iya. A shekarar da O corno ya ci kambu kenan. Yaran da suka tashi da shirin Xabarín Club na TVG tun 1994 sun girma, nasu 'ya'yan kuma suna kan YouTube da Sifaniyanci da Turanci. Kambu ba ya koya wa yaro magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yanzu wayar hannu ce ke tanƙwarawa.

Kada ka ɗauka kuma maganar ƙabilanci nake yi. A 2025 fim ɗin El 47 ya raba kambun Goya da wani fim. Labarin gaskiya ne na Manolo Vital, direban bas da ya yi hijira daga yankin Extremadura zuwa unguwar talakawa ta Torre Baró a Barcelona. A 1978 ya karkatar da bas mai lamba 47 ya hau da ita tudun unguwar don ya ƙaryata hukumar da ke cewa mota ba za ta iya hawa ba. A fim ɗin ana yin harsunan biyu, kuma baƙon nan yana yin Katalanci da bakinsa. Ita ma Jaione Camborda 'yar Bask ce ta zauna a Galisiya ta yi fim da harshensu. Harshe na wanda ya ɗauke shi ne.

Mu dawo gida. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar Oscar ta fina-finan waje saboda Turanci ya yi masa yawa. A 2024 fim ɗin da Nijeriya ta tura, Mai Martaba, da Hausa aka yi shi. Bai kai zagaye na gaba ba, amma ba harshe ne ya hana a karɓe shi ba. In mutanen da ba su kai rabin Kano ba za su iya wakiltar Sifaniya da Euskara, to mu da muke da miliyoyi daga Agadez zuwa Kumasi, matsalarmu tana cikin labari da sauti da haske da gaggawar gama fim a kwana bakwai. Kayan aro ba ya rufe katara.

Amma fa laifi tudu ne. A Arewa mu ne Madrid. Ka tuna yadda fina-finanmu na barkwanci ke fito da Bagwari da Banufe da Bafulatanin daji: gurɓatacciyar Hausa da wauta, mu kuma muna dariya. Sau nawa ka ga an bar ɗayansu ya yi maganar hankali da harshensa an rubuta fassara a ƙasa? Yara nawa ne a Bauchi da Kaduna da Filato suka tashi da fim ɗin Hausa, yau ba su iya gaida kakarsu da yarenta? Ba za mu yi kukan Turanci ya danne mu ba, alhali ƙafarmu na kan wuyan wani.

Don haka ga roƙona. Furodusa, ka bar Hausarka ka gyara aikinka, ka biya wanda ya iya fassara ya rubuta maka ta ƙasan allo. Masu tashoshin talbijin, ku fassara wa yara zane mai kyau da Hausa mai kyau. Kai kuma mai karatu, ran da ka ga fim da Fulatanci ko Kanuri ko Nufanci, ka saya ka kalla ko da ba ka ji. Shi kuma babban yayana na ɗakin tace fim, na ajiye masa Alcarràs a filashi, duk ran da ya shirya sai ya aiko. Allah ya sa mu gane.