Ƙiba Ba Arziki Ba Ce

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutane, wadda ya kamata a tuhume ta. In mutum ya sami aiki, ko kasuwa ta yi masa kyau, bayan shekara guda aka ga ya ajiye tumbi, sai a ce, "Wane ya ji daɗi, arziki ya zauna." In amarya ta yi teɓa a ɗakinta, sai a yaba wa mijin, a ce ya iya kiwo. In kuwa ta zauna siririya, sai dangi su shiga tsegumi, wai ana ba ta wahala. Wannan magana kuskure ce, kuma kuskuren yana kai mutane asibiti, waɗansu har kabari.

Ba a rasa dalilin da ya sa mutanen dā suka ɗauki ƙiba abin so ba. Sun ga yunwar 1914, 'ya'yansu da jikokinsu kuma sun ga farin 1973. A lokacin da hatsi ya yi wuya, wanda ya rame shi ke fara faɗuwa. Amma zamani ya juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, watau fiye da mutum biliyan ɗaya. Daga 1990 zuwa 2022 yawan masu ita cikin manya ya ninka fiye da sau biyu. Da ƙiba arziki ce, da likitoci ba su damu ba.

Kitsen da ya taru a ciki ba kwanciya kawai yake yi ba. Yana kewaye hanta da hanji, yana hana jiki sarrafa sukarin da ke cikin jini, daga nan ciwon sukari ke samun ƙofa. Yana tilasta wa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta, sai hawan jini ya biyo baya, wani lokaci har da shanyewar ɓarin jiki. Gwiwoyi kuma su ɗauki kayan da ba a halicce su dominsa ba. Mai gidan da aka yi wa kirari saboda tumbinsa, shi ne bayan shekara goma ba ya iya ruku'u sai da ƙyar, kuɗin da ya tara kuma suna ƙarewa a sayen magani.

To, wani zai ce, "Ai ƙiba gado ce, haka gidanmu yake." Akwai gaskiya a ciki. A shekarar 1986 aka binciki mutum 540 a ƙasar Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna jarirai, aka tarar jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka rene su ba. A 1994 kuma wani masani a birnin New York, Jeffrey Friedman, ya gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse ke aikawa ga ƙwaƙwalwa. In mutum ya rame, sinadarin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka yunwa ce ta zo, ta ƙara masa jin yunwa, ta kuma rage abin da jiki ke ƙonawa. Shi ya sa mai son ya rage jiki yake shan wuya. Saboda haka wanda ke yi wa mai ƙiba ba'a, yana kiransa acici, jahilcinsa yake nunawa.

Amma fa gado ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai wata ƙabila da ake kira Pima, wani ɓangarenta a Arizona ta Amurka, wani ɓangaren a duwatsun Meziko. Jininsu ɗaya ne. Na Meziko suna noma da hannu, suna cin wake da masara. Na Amurka sun koma mota da abincin kanti. Binciken da aka buga a 2006 ya nuna kimanin 38 cikin ɗari na manyan Pima na Amurka suna da ciwon sukari, na Meziko kuwa kimanin 7 cikin ɗari. Gado iri ne, amma sai ya sami ruwa da taki yake tsiro. Ruwan nan da takin su ne soye-soye, da lemon kwalba, da hawa babur zuwa inda ƙafa za ta kai, da kwana ana kallo ba a sami isasshen barci ba. Gwangwani ɗaya na lemo yana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 8, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kamar cokali 12 a yini duka.

Mafi muni a cikin al'amarin su ne masu cin kasuwa da jahilcin mutane. Ana sayar wa 'yan mata ƙwayoyi da sunan "sha ka fashe", don su cika kafin biki. A cikinsu akwai deksametason, magani mai ƙarfi wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Wadda ta daɗe tana shansa, fuskarta takan kumbura, jininta ya hau, sukari ya ƙaru, ƙashi ya yi rauni. Abin da ake gani kumburi ne, ba lafiya ba. Ga kuma masu shayin rage tumbi, waɗanda yawancin abin da suke sayarwa na sa zawo ne ko yawan fitsari. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan. Duka biyun aljihu suke nema.

Mai son ya san matsayinsa ba ya bukatar kuɗi. Ya sami igiya, ya yanke ta daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya kewaya cikinsa da ita ta wajen cibiya. In bakinta bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Gyaran kuma ba sai an zama kamar sillen kara ba. A 2002 aka ba da sakamakon wani gwaji a Amurka kan mutum fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiya da sauri minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kilo 6 ke nan, da tafiyar rabin awa kwana biyar a mako.

Abincin da ake bukata kuwa yana nan a kasuwar ƙauye: dawa, gero, wake, zogale, alayyahu, kuɓewa. A rage malmala, a ƙara ganye, a sassauta wa mai da sukari. Kada a yi gaggawa, gama jikin da aka matsa wa da yunwa yakan rama, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Wanda ƙibarsa ta yi tsanani, ko tana tare da wata cuta, ya tafi asibiti, don akwai taimakon da likita ke iya bayarwa.

Saura aikin jama'a. Uwar miji ta daina auna zaman amarya da faɗin jikinta. Abokai su daina yi wa tumbi kirari. Wanda ya koyi karatu ya karanta wa wanda bai koya ba, don mai arziki na gaskiya shi ne wanda ya tsufa yana zuwa gonarsa da masallaci da ƙafarsa.