Ba Kasuwa Ce Ta Ƙi Sabon Fim Ba

Duk matashin da ya zo da shawarar yin fim da zane ko 'yartsana, amsa ɗaya furodusoshinmu ke ba shi: ba ya tafiya a kasuwa. Daga Kano har shagunan masu tura fim a waya a Kasuwar Kure ta Minna, an ɗauka cewa Bahaushe ba ya kallon komai sai soyayya da kishi da rawa da waƙa, sauran kuwa wasan 'yan boko ne. Ban yarda ba. Ta ina suka san mutane sun ƙi abin da ba a taɓa kai musu ba?

Su je su tambayi labarin Mustafa Alhassan na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942. Bakanike ne. Tun kafin ya riƙe kyamara yake yanka kwali, ya haska fitila, ya nuna wa mutanen garinsu wasan inuwa. Daga baya ya yi aiki da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya koyi motsa zane a wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, inda kwaɗo ke shugabancin ƙasa yana yawon ziyara, habaicin da ko jahili ya gane wanda ake nufi. A fim ɗinsa Kokoa kuma 'yartsanar kwaɗo da hawainiya ya sa suka kama kokawa a fage. Da ya zauna a Tawa, da kuɗin masaukin baƙinsa ya riƙe sana'ar, kuma da tsufansa ya koma zane a kwamfuta, har ya rasu a 2015. Wane ɗan boko ke nan?

Yaran The Critics na Kaduna ma da wayar hannu da koren ƙyalle suka haɗa fina-finan da duniya ta yi ta kallo a 2019.

Abin da ke ci mini rai shi ne Minna ba ta rasa hannu ba. Mai gyaran waya na Kasuwar Kure, da telan da zai ɗinka 'yartsana, da ɗalibin kwamfuta na Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Gidan Kwano, duk gari ɗaya suke kwana. Furodusan da ke rantsuwa da kasuwa ya cire kuɗin waƙa ɗaya daga fim ɗinsa na gaba, ya ba su, su yi mana tatsuniyar Gizo ta minti biyar, a kai wa masu tura fim, sannan ya zo mu yi gardama.