Cinikin 'Yan Wasa Mata: Ina Rabon Ƙungiyoyin Afirka?

A watan Janairun 2025 ne ƙungiyar Chelsea ta Ingila ta sayi Naomi Girma daga San Diego Wave ta Amurka a kan dala miliyan 1.1, karo na farko ke nan da kuɗin sayen 'yar wasan ƙwallon ƙafa ya haura dala miliyan ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare, Arsenal ta biya Liverpool fam miliyan ɗaya saboda Olivia Smith, ita kuma Orlando Pride ta ɗauko Lizbeth Ovalle daga Tigres ta Meziko a kan dala miliyan 1.5.

In an kwatanta da yuro miliyan 222 da aka sayi Neymar a cinikin maza na 2017, wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba. Amma ɗan kasuwa saurin tashin farashi yake dubawa. Kusan fam 200,000 da Rayo Vallecano ta biya saboda Milene Domingues a 2002 ya shafe shekaru 18 ba a zarce shi ba, sai da Chelsea ta sayi Pernille Harder a 2020. Daga nan farashi ya riƙa hawa babu ƙaƙƙautawa.

Abin da ya shafi Afirka shi ne aljihun da kuɗin yake faɗawa. A Fabrairun 2024 Racheal Kundananji ta Zambiya ta zama 'yar wasa mafi tsada a duniya sa'ad da Bay FC ta Amurka ta saye ta a kan fiye da yuro 700,000. Madrid CFF ta Sifen ce ta karɓi kuɗin, domin ita ke riƙe da kwantaraginta. Indeni Roses, inda ta yi wasa a gida, ba ta cikin masu cinikin. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na irin wannan kuɗi ga ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasa tsakanin shekara 12 zuwa 23, to amma sai mai rajista da takardun shaida ke iya neman rabonsa.

Nijeriya, wadda Super Falcons ɗinta suka ɗauki kofin Afirka karo na 10 a 2025, ta fi kowa haja a wannan kasuwa. Daga Rivers Angels Asisat Oshoala da Chiamaka Nnadozie suka tafi Turai. Galibin manyan ƙungiyoyin mata na ƙasar, irin su Nasarawa Amazons da Bayelsa Queens, na gwamnatocin jihohi ne, kuma abin da baitulmali ke ɗauke da shi ba kasafai ake lissafa ribarsa ba.

Ya kamata waɗannan ƙungiyoyi su riƙa ƙulla kwantaragi na shekaru biyu ko uku da matasan 'yan wasansu, su yi masu rajista tun suna ƙanana, su kuma sa sharaɗin samun kaso idan an sake sayar da su a gaba. Kwantaragin da ba a biyan albashinsa kan lokaci kuwa ba ya riƙe kowa, domin dokar FIFA ta ba ɗan wasa damar soke shi idan bashin albashi ya kai wata biyu.